Daga Ogan ɗin Mamman Sani Zuwa Kalangun Gambu

A shekarar 1978 wani ma'aikaci mai suna Mamman Sani Abdoulaye ya shiga ɗakin ɗaukar murya na gidan rediyon ƙasar Nijar a Yamai, ɗauke da ogan ƙirar Italiya samfurin Orla, wato dangin fiyano mai aiki da lantarki, wanda ya mallaka tun 1974 lokacin yana aiki da hukumar UNESCO. Shi kaɗai ya zauna, babu 'yan amshi, babu makaɗa. Ya kaɗa sau ɗaya aka ɗauka, ya sake kaɗawa aka ɗora na biyu a kan na farko. Kiɗa ne mai tafiyar hawainiya, wanda ke juyawa wuri guda kamar mai lilo da jariri, kuma da yawa daga cikin karin da ya yi amfani da su ya ɗebo su ne daga waƙoƙin gargajiyar ƙasarsa, har da na Fulani Wodaɓe da na Buzaye. Ma'aikatar al'adu ta so ta fitar da aikin a jerin kaset-kaset na kiɗan zamani na Nijar, sai shirin ya cije, ƙalilan kawai suka fita. Shekara talatin da biyar bayan nan, a 2013, wani ƙaramin kamfani da ke birnin Portland a Amurka, Sahel Sounds, wanda Christopher Kirkley ya kafa, ya sake buga aikin a faifai bayan Kirkley ya ci karo da kaset ɗin a wani ɗakin ajiya a Yamai kuma ya nemo mai shi. Daga nan Mamman Sani ya fara zuwa Turai yin wasa, aka tono wasu ayyukansa na shekarun 1980 aka fitar, jaridun waje suka riƙa cewa an gano wani gwani da ya ɓata.

Wannan kalma ta ɓata ita ce ya kamata a tsaya a kanta. A duk tsawon shekarun nan kiɗan Mamman Sani bai taɓa yin shiru a Nijar ba. Shi ne ake sakawa a rediyo da talabijin don cike gurbi tsakanin shiri da shiri, shi ne ke tafiya a ƙarƙashin muryar mai sanarwa. Yaran da suka tashi a Yamai da Maraɗi da Damagaram sun sha shi tare da kunun safe. Sautin yana kunnen kowa, abin da ya ɓace shi ne suna da shekara da kuma sanin cewa wani mutum ne ya zauna ya yi wannan aiki da hannunsa, kuma yana raye. Faifan 2013 bai koya wa mutanen Nijar wani kari da ba su sani ba. Abin da ya yi shi ne ya mayar wa sautin da mai shi: ga hotonsa, ga shekarar, ga inda aka ɗauka, ga rabonsa na kuɗin da aka samu. Ina ganin irin wannan ɓata ita ce ta fi yi wa waƙar Hausa ɓarna, ta fi cin gara da gobara, kuma babu inda za a fi ganin haka kamar a ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, inda kaset ya raya muryoyin da ba don shi ba da sun tafi tare da masu su, amma ya raya su tsirara.

A duniyar Turawa ma an san ɓata iri biyu. Vashti Bunyan, 'yar Ingila, ta fitar da faifai a 1970 wanda kusan babu wanda ya saya, ta bar waƙa ta kama noma da renon 'ya'ya, sai a 2000 aka sake buga shi ya sami masu saurare. Linda Perhacs ta Amurka, wadda aikinta na yau da kullum a asibitin haƙori yake, ita ma a 1970 ta yi nata faifan ya nutse, kuma da aka fara farfaɗo da shi daga tsohon faifai aka kwafa, sai da aka same ta aka tarar ta adana zaren asali a gida, sannan aka ji aikin yadda aka yi shi. Waɗannan sun ɓata ne saboda ba a ji su ba. Amma Sixto Rodriguez na birnin Detroit, wanda shi ma a 1970 ya yi faifansa na farko, labarinsa ya fi kama da namu: a Afirka ta Kudu an haddace waƙoƙinsa ana kwafa hannu zuwa hannu, ana ta jita-jitar ya mutu, shi kuwa yana can yana aikin leburan gini bai san ana yi ba, sai a 1998 aka kai shi ya tsaya gaban masoyansa. Shahara ba ta hana shi ɓata ba. Mawaƙan karkararmu da yawa a wannan sahu suke.

Kafin kaset, samun shiga faifai gata ne na 'yan kaɗan. Faifan garmaho sai kamfani, kamfanonin kuma irin su EMI da Decca a Ikko suke da ƙarfi, don haka wanda ya shiga shi ne wanda sunansa ya riga ya kai birni. Gidan rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962, ya faɗaɗa ƙofar ƙwarai, kuma a ɗakunan ajiyarsa da na gidajen rediyon jihohi irin su Rima a Sakkwato ne aka tara mafi yawan abin da muke da shi na Musa Ɗankwairo da Salihu Jankiɗi da Sa'idu Faru da Sarkin Taushin Katsina da Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos. Sai dai gidan rediyon gwamnati yana da irin muryar da yake so: makaɗan fada, makaɗan da suka yi wa manya waƙa, masu waƙar wayar da kai a kan noma da tsafta da zaɓe. Masu bincike daga waje, kamar David Ames da ya ɗauki kiɗan ƙasar Zazzau a farkon shekarun 1960, sun ɗan leƙa bayan fage, amma abin da suka ɗauka ya tafi ɗakunan karatu na ƙetare. Mai kukuma a bakin kasuwa, mai gurmi a zauren mahauta, makaɗin 'yan dambe a ƙauye, zabiyar da ke raba dare a gidan biki, waɗannan muryarsu iyakarta inda iska ta kai ta. Ko Ibrahim Narambaɗa, da ya rasu a farkon shekarun 1960 yana kan ganiyar daraja, abin da ya rage na muryarsa bai kai cikin cokalin abin da ya rera ba.

Kaset ne ya rushe wannan shinge. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, amma bai zama kayan talaka a Najeriya ba sai tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai da ƙarin albashin Udoji suka cika kasuwanni da rediyo mai rikoda. Daga ranar da mutum zai iya danna maɓalli biyu ya kama muryar makaɗi a dandali, ba a ƙara bukatar izinin kamfani ko na gwamnati ba. Jega kuwa tamkar don wannan sana'a aka yi ta. Tun da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa garin wajen 1820, kasuwa ce ta ɗaukaka shi, har ya zama ɗaya daga cikin manyan mahaɗar fatake a ƙasar Gwandu. Da mota ta maye gurbin jaki sai matsayin ya ƙara ƙarfi, domin a nan hanyar Sakkwato da ta Birnin Kabi suke haɗuwa da wadda ta gangara ta Maiyama da Koko zuwa Yawuri da Kwantagora har Kudu. Manyan motocin da ke ɗaukar albasar Aliero suna kwana biyu a hanya, direba kuma ba ya tafiyar dare babu abin da zai hana shi gyangyaɗi. Teburin mai kaset a tasha abu ne da duk wanda ya rayu a lokacin zai iya zanawa: rikoda mai baki biyu tana kwafa daga wannan zuwa wancan, lasifika a ɗaure a jikin rumfa tana kiran masu saye, kaset-kaset a jere cikin akwatin katako, a goshin kowanne an rubuta sunan mawaƙi da biro, wani da boko wani da ajami. Idan zare ya sarƙe, da biron nan dai za a naɗe shi. Idan ya tsinke, a liƙa da ɗan gam a ci gaba, an rasa baiti ɗaya ko biyu. Mai saye ya ce a sa masa Ɗan Anace a gefe guda, Sani Ɗandawo a ɗaya gefen, kafin mota ta cika an gama.

Ta irin wannan hanya sunan Muhammadu Gambo Fagada, wanda duniya ta sani da Gambu mai waƙar ɓarayi, ya fita daga ƙauyen Fagada da ke ƙasar Maiyama ya karaɗe duk inda ake jin Hausa. Babu fadar da za ta riƙe makaɗin ɓarayi, kuma ba irin waƙar da gidan rediyon gwamnati zai yi alfahari da ita ba ce, saboda haka kaset ne fadarsa, tasha ce gidan rediyonsa. Wanda ya saurare shi da kunnen basira ya san abin ya wuce kirarin masu fasa shago. Gambu mai ba da labari ne. Yana gina mutum a cikin waƙa, da tafiyarsa da tsoronsa da wayonsa da ranar da dubunsa ta cika, yana saƙa habaici da barkwanci a cikin kalangu, da Hausar yamma tsantsa wadda ba ta sha ruwan boko ba. A bakinsa akwai sunayen garuruwa da kasuwanni da hanyoyi, da yadda ake tsaron dukiya da yadda ake shari'a, da imanin mutane a kan layu da tsafi da sa'a, da kalmomin wata duniya ta ƙarƙashin ƙasa waɗanda babu ƙamus ɗin da ya tattara su. Ba banza ba Farfesa Aliyu Muhammad Bunza na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rubuta littafi a kan Narambaɗa, ya ga ya dace ya yi wa waƙoƙin Gambu nazari mai zurfi, kuma ɗalibai da dama suka bi sawunsa. Tarihin talakan ƙasar Kabi da Gwandu a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, musamman ɓangarensa da ba ya shiga takardun hukuma, wani yanki nasa yana cikin waɗannan kaset-kaset.

To amma kaset ya karɓi ladansa, kuma lada mai tsada. Duk kwafin da aka yi daga kwafi yana zubar da wani abu: amon kalangu ya dushe, shuuu ɗin zare ya ƙaru, har a zo jikan jikan kwafi wanda sai wanda ya riga ya haddace waƙar ne zai gane abin da ake faɗa. Idan batirin rikodar da aka ɗauka da ita ya yi sanyi, muryar kan fito siririya da sauri in an saka a wata na'ura, kuma wannan kuskure ya zauna har abada, masu saurare su ɗauka haka mawaƙin yake. Kaset na minti sittin ko casa'in ba ya jiran waƙa ta ƙare, inda zare ya tsaya nan waƙa ta tsaya. Mafi muni, babu wanda ya rubuta rana ko wuri ko sunan masu kiɗa da 'yan amshi, domin mai tebur ciniki yake yi, ba ajiyar tarihi ba, kuma ba laifinsa ba ne. Brian Larkin, a littafinsa na 2008 a kan Kano, ya nuna yadda kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar kwafi da rarrabawa, da yadda dusashen sauti ya zama abin da kunne ya saba da shi har ya daina jin sa a matsayin aibi. Da zamanin memori ya zo, sai masu turi a rumfunan cajin waya suka gaji teburin mai kaset. Suka kwashe abin da suka samu, aka matse shi ya zama ƙaramin fayil, aka raɗa masa sunan da ya zo baki. Shi ya sa yau za ka tarar da waƙa ɗaya da suna uku, ko waƙar wani an liƙa wa wani, ko waƙoƙi biyu an haɗe su babu alamar inda ɗaya ta ƙare.

Mai musu zai ce ai wannan kuka ne a kan abin da bai mutu ba. Gambu yana cikin wayar kowane ɗan acaba, yana YouTube, yana Facebook, wa ya ce ya ɓata? Kuma zai ƙara da hujjar da ta fi wannan nauyi: waƙar baka ba ta da asali guda. Mawaƙin Hausa ba ya rera waƙa iri ɗaya sau biyu, gindinta kawai ke zama, 'ya'yanta kullum canzawa suke gwargwadon wanda ke zaune a gaba da abin da ya bayar. Neman kwafin asali, in ji shi, ɗabi'ar masu faifan Turai ce da ba ta dace da mu ba. Rabin maganar gaskiya ne, amma ƙarshenta ya karkace. Daidai saboda waƙar tana canzawa ne ya sa rana da wuri suka fi muhimmanci a wurinmu fiye da wurin Bature. Bakandamiyar Shata tana da rerawa da yawa, kuma wanda ya jera su bisa shekaru zai ga mutumin yana girma, yana ƙara wasu yana zubar da wasu, yana amsa abokan hamayyar da suka taso. Wanda aka ba shi su a cakuɗe ba zai ga komai ba sai maimaici. Aikin da Ɗandatti Abdulƙadir ya yi a kan Shata a 1975, da na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa a 2006, da tarin waƙoƙin baka da Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana rubutawa, duk suna tsayawa ne a kan sanin wace rerawa ake magana a kai. Kowane kaset shaida ne na dare guda da ba zai dawo ba. Yawan kwafi a intanet yana yaɗa shaidar, amma ba ya faɗin daren, kuma tashar da wani saurayi ya buɗe yau tana iya rufewa gobe da duk abin da ke cikinta.

Wata hujjar mai musu kuma ta fi taɓa zuciya, kuma ban ga dalilin raina ta ba. Me ya sa al'ummar da ɓarayin daji suka hana barci za ta kashe kuɗi da lokaci wajen gyara waƙar da ke wasa ɓarawo? Ga shi kuma shi kansa Gambu a ƙarshen rayuwarsa ya bayyana cewa ya bar wannan waƙa ya tuba, kafin rasuwarsa a 2016. Shin ba cin amanar mamaci ba ne a tono abin da ya juya wa baya? Amsar farko ita ce babu abin da za a tono, domin abin yana waje yana yawo, kuma yana yawo ne babu tubar a tare da shi. Yaron da ya karɓi waƙar a memori ya sami kirarin, bai sami labarin mutumin da ya yi kirarin ya dawo ya yi nadama ba. Bugu na mutunci, mai ɗauke da tarihin mawaƙin daga farko har ƙarshe, shi ne kaɗai zai haɗa waƙar da hukuncin da mai ita ya yanke mata. Na biyu, ajiyewa daban, yaɗawa daban. Ana iya kwafe komai da kyau a killace don masu nazari, sannan a zauna da iyali da malamai a tantance abin da ya dace ya fita kasuwa, musamman da yake akwai sunayen mutane a ciki waɗanda 'ya'yansu da jikokinsu suna nan suna zaman mutunci. An ga makamancin haka a Inugu: William Onyeabor, wanda kamfanin Luaka Bop ya tattara waƙoƙinsa a 2013, ya riga ya koma ga addini ya daina zancen kiɗa, sai da aka daɗe ana lallashi ya yarda a buga, kuma har ya rasu a 2017 bai yarda ya hau dandali ba. An mutunta iyakar da ya gindaya. Idan magadan Gambu suka ce a'a, a'a ɗin ce za ta zauna, amma a tambaye su tukuna, abin da masu turi ba su taɓa yi ba. Game da tsoron cewa waƙa na haifar da sata kuwa, ɓarawo ya riga makaɗinsa zuwa duniya, kuma wanda ke son fahimtar yadda ɓarna ke samun daraja a idon matasa ba shi da madubin da ya fi wannan.

Sai batun baƙi. Akwai masu jin zafin cewa sai Ba'amurke ya zo ya ɗaga kaset sannan mu san darajarsa, kuma riba ta tafi Portland ko Landan. Zafin yana da tushe. Faifan roba da ake bugawa a can ba don kasuwar Jega ake yin sa ba, kuma kunnen baƙo yana zaɓen abin da ya yi masa daɗi ne: ogan ɗin Mamman Sani ya shiga domin babu harshen da zai tare hanya, haka kiɗan finafinan Kano da Sahel Sounds ya tattara a 2013 ya shiga domin kamarsa da na Indiya ta ba su mamaki. Gambu kuwa duk ƙarfinsa a harshe yake, wanda bai ji Hausar yamma ba kalangu kawai zai ji. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa jiran baƙo ɓata lokaci ne, ba zai zo ba, in ma ya zo ba zai gane abin da ya tarar ba. Abin koyi a wurinsu shi ne tsarin aiki: a nemo mai abu ko magajinsa, a rubuta yarjejeniya, a raba riba, wanda a wurin Sahel Sounds rabi da rabi ne, a nemi kwafi mafi kusa da tushe, a rubuta bayani. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, sautin da aka ɗauka kuma shekara 50, don haka haƙƙin iyalan waɗannan mawaƙa yana nan a takarda. Abin da ya hana su cin moriyarsa shi ne babu wanda zai iya nuna wace waƙa, ta yaushe, wa ya ɗauka. Rashin suna da rashin biya igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Lokaci kuma ba ya gefenmu. Zaren kaset ba ya son zafi, ba ya son laima, ba ya son ƙura, ƙasar Kabi kuwa tana da ukun a wadace. A 2019 UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya suka yi gargaɗin cewa na'urorin da ke karanta zare da kayan gyaransu suna gab da ƙarewa, suka ambaci wajen 2025 a matsayin lokacin da abin zai fara gagara. Amma abin da ya fi zare saurin lalacewa shi ne mutane. Wanda ya riƙe wa Gambu kalangu, wanda ya yi masa amshi, tsohon mai tebur a tashar Jega da ya san daga hannun wa kaset na farko ya fito, direban da ya ajiye nasa a ƙasan akwati tun yana saurayi, su ne za su iya cewa wannan a gari kaza aka yi ta, shekarar da aka yi fari, kafin a kama wane. Jami'ar Kimiyya da Fasaha da ke Aliero, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi, da sashen harsunan Najeriya na Sakkwato, duk suna tazarar tafiyar yini ɗaya ko ƙasa da haka daga waɗannan mutane. Kayan aikin ba su fi ƙarfin sashe guda ba: rikoda mai lafiya, kwamfuta, da ɗalibin da zai zauna da dattijo a zaure ya saka masa waƙa ya yi shiru ya saurari abin da zai tuna.

Inda shaidu suka ƙare ma, waƙar kanta tana ɗauke da alamun shekarunta ga wanda ya iya karatu, kuma waƙar da ke yawan zancen kuɗi ta fi kowace bayar da kai. Idan mawaƙi yana lissafi da fam da sule a matsayin kuɗin da ke hannu, akwai alamar kafin Janairun 1973 ne, lokacin da naira ta shigo, ko da yake bakin mutane ya daɗe bai saki fam ba, don haka sai an haɗa da wata shaidar. Idan ya ambaci 'yar Murtala, ba za ta riga 1977 ba, shekarar da takardar naira 20 mai wannan laƙabi ta fito. Canjin launin kuɗi na 1984, wanda ya bar mutane da yawa da takardun banza a ƙarƙashin katifa, iyaka ce bayyananniya, haka naira 50 a 1991 da naira 100 a ƙarshen 1999. Sunan jiha ma agogo ne: Arewa maso Yamma daga 1967, Sakkwato daga 1976, Kabi daga Agustan 1991. Sarkin da aka ambata yana kan gado, gwamnan da aka yi wa shaguɓe, samfurin motar da aka gudu da ita, ko akwai kwalta a hanyar da aka bi, kowanne yana rage tazarar. Har jikin kaset ɗin yana magana, domin samfurin TDK ko Sony ko Maxell da zanen kwalinsa suna canzawa daga shekara zuwa shekara, kuma kwafi ba zai girmi zaren da aka ɗora shi a kai ba. Idan aka samu kwafi biyar na waƙa guda daga Jega da Aliero da Maiyama da Yawuri da Sakkwato aka jera su, wanda ya fi tsawo kuma ya fi ƙarancin shuuu shi ne mafi kusa da daren da aka yi ta, kuma wurin da zare ya taɓa tsinkewa aka liƙa zai bayyana a duk kwafin da suka fito daga gare shi, ya nuna wanne ya haifi wanne.